Yadda Na Sha Jangali

Shekarar da na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako a Kankiya, kawuna ya yi ritaya daga koyarwa. Ya rasa abin yi, sai ya tsiri tara tsofaffin wasiƙu. Ba ma na soyayya ba, da mutum zai karanta ya ji daɗi. Wasiƙun haraji da jangali ne na zamanin En'e, irin waɗanda dagatai ke aika wa hakimi da ajami. Ni ya ɗauka 'yar rakiya saboda wayata na ɗaukar hoto, tashi kuwa daga fitila sai rediyo.

Mun je Rimaye, mun je Boko, a kan babur ɗinsa mai tari. A wani gida gara ta riga mu. A wani kuma matar gidan ta ƙulle daddawa da su. Kawu ya riƙa shinshina takardar yana cewa tarihi ne. Na ce masa daddawa ce.

Abin da yake nema da gaske shi ne rubutun mahaifinsa, kakana, wanda ya yi wa dagaci aikin rubuta wasiƙu. Ya rasu Kawu na ƙarami, bai bar ko hoto ba, kuma ko layi ɗaya na hannunsa Kawu bai taɓa gani ba. Wata tsohuwa a Boko ce ta ce masa ya daina wahalar da babur, ya je ya tambayi uwarsa abin da ke ƙasan adakarta.

Muka nufi Kusada. Inna, kakata kenan, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta buɗe adakar. Cikin wani tsumma, takarda ɗaya da rabi. Ta ce a da ƙunshi guda ne. Kawu ya tambayi ina sauran.

"Kun shanye," in ji ta.

Ashe tun rasuwar Malam, kakan nawa, duk wanda ya yi zazzaɓi, ko haƙori, ko zai shiga jarrabawa, sai ta yagi gefe a ɓoye, ta jiƙa a ƙoƙo, tawadar ta narke, ta ba shi. A wurinta duk abin da Malam ya rubuta addu'a ne. Kawu kansa ya sha guda uku lokacin ƙyanda. Rabin nan da babu kuwa ni na sha, ana gobe jarrabawar lissafi.

Kawu ya sa tabarau ya karanta abin da na rage. Ƙarar wani mai shanu ce da ya ɓoye garkensa a fadama ranar ƙirgar jangali, ɗan maraƙi ya yi kuka ya tona shi. Na ce shi ya sa ban iya ƙirga komai ba a ɗakin jarrabawa. Inna ta ce bakina ne ya karya maganin.

Cikakkiyar takardar kuma ta ajiye wa matar yayana mai tsohon ciki. Kawu, da furfurarsa, ya durƙusa yana roƙo, yatsansa a kan rubutun ya kasa ɗaukewa.

"Kai kallo za ka yi da ita, yarinya haihuwa za ta yi," in ji Inna. "Wa ya fi buƙata?"

Ni ban iya dogon zance ba. Na ɗauki hoton takardar, na hau acaɓa zuwa Kankiya, wata 'yar kudu mai shagon kwamfuta ta buga mani, na dawo na miƙa wa Inna. Ta jiƙa, ta jira, ta motsa da yatsa. Ruwa fari tas. Ta ce wannan takarda marowaciya ce, ta jefa wa akuya.

Sai Kawu ya aro allo da tawada a maƙwabta, ya zauna yana kwafar wasiƙar. Sau uku yana wankewa yana sakewa. A na huɗu Inna ta leƙa, ta ce haka Malam yake jan wutsiyar harafi. Ta wanke allon a ƙoƙo, ta naɗe takardar a tsummanta ta ba Kawu.

Matar yayana ta sha bayanin harajin kasuwa, ta sauka lafiya. Tun daga nan duk jikan da ya yi atishawa, sai Kawu ya tada babur zuwa Kusada ya rubuta. Ni kuwa lissafi ya kayar da ni. Da zan sake, na je na karɓi ƙoƙona, na ce da su kada wanda ya yi mani magana.