Reshen da Ya Shekara Saba'in a Kabad

Gwaggona ta yi shekara ashirin da takwas tana manna busassun tsirrai a jikin takarda. Aikinta ke nan a ɗakin adana tsirrai na jami'a, wani dogon ɗaki mai kabad-kabad na ƙarfe da warin maganin ƙwari. A can Mai Gam ake kiranta. A gida kuwa in baƙi suka tambaya, Babanmu yakan ce yayarsa aikin gwamnati take yi, ya tsaya a nan.

Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma tsiron da ya bi ta hannunta ya fi dubu arba'in. Wata rana aka ba ta tsofaffin takardu ta sabunta musu gam. A ciki akwai wani reshe da wani malamin daji ya tsinko shekara saba'in da suka wuce, an rubuta masa sunan wata ciyawa da kowa ya sani. Gwaggo ta ɗaga ganye ɗaya, ta ga gashi a bayansa. Ta ciro 'yan'uwansa goma sha biyu daga kabad, babu mai gashi ko ɗaya.

Ta kai wa shugaban sashe. Ya leƙa ta saman tabarau, ya ce ƙura ce. Ta ce ai ta hura. Ya ce to ta ƙara hurawa.

Sai ta mayar da reshen wurinsa, ta saka 'yar takarda a ciki da rubutun fensir: "Wannan ba ɗan gidan nan ba ne."

Shekara tara babu wanda ya buɗe. Sannan wata Dakta mai binciken furanni ta zo, ta ci karo da rubutun, ta nemi mai shi. Suka ɓalle busasshen fure ɗaya, suka jiƙa shi a ruwan zafi har ya yi laushi, Dakta ta buɗe shi da allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ciyawar da aka sani fallayen furenta huɗu ne. Dakta ta ƙirga sau uku.

"Nawa?" in ji Gwaggo.

"Biyar, Mama."

"To," ta ce, ta koma kan gam ɗinta.

Aka shekara biyu ana awo da zane da aika wasiƙu zuwa wasu ɗakunan tsirrai, har aka tabbatar sabon tsiro ne, ba a taɓa ba shi suna ba. Gwaggo da Dakta suka je inda malamin dajin ya rubuta ya same shi, suka tarar wurin ya zama tashar mota. Gwaggo ta zagaya bayan katanga, ta ga irin tsiron guda shida a gindin famfo, wani direba na wanke ƙafa a kansu. Ta gaishe shi, ta roƙe shi ya matsa kaɗan.

Da Dakta ta ce za a sa wa tsiron sunanta, Gwaggo ta tambaya ko yana maganin wani abu. Aka ce ba a sani ba tukuna. Ƙamshi fa? Babu. Ta ce to a sa.

Ranar da mujallar da aka buga sunan a ciki ta iso, ni ta ba na karanta mata. An yi wa sunan wutsiya irin ta masana, na yi tuntuɓe sau biyu kafin na kai ƙarshe. Ta ce in ba ta ta gani da kanta. Ta daɗe tana kallon zanen, har ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta ce mai zanen ya rage gashin.

Yanzu ta ajiye aiki. Duk Talata tana komawa, wai wadda ta gaje ta tana cika gam.