Mangwaron Baffa Hammadu

Ranar Talata da hantsi, ina cikin haɗa ruwan sabulu a gareji, Aishatu ta kira ni. Ita ce babbar 'yar maigidana, Baffa Hammadu, mai manna wa motoci ledar kariya a Jambutu. Ta ce, "Malam Luka, Baffa ya rasu da asuba." Na ajiye robar, na zauna a kan tsohuwar taya, na yi kuka mai isata. Amma tun daga ranar, duk sanda na tuna shi dariya ce ke riga hawaye zuwa, shi ya sa na ga gara in faɗe shi yadda yake.

Na zo Jimeta a shekarar da rikici ya koro mu daga Michika, ni da matata da 'ya'ya huɗu. A can malamin firamare ne ni. A nan ba makaranta, ba gona, sai ɗaki guda a gidan wani ɗan cocinmu. Tun gudun da muka yi ta kan duwatsu hannuna ya kama rawa, ko alli ba na iya riƙewa daidai. Da wannan hannun na je neman aiki wurin Baffa, domin in ban samu sana'a ba, ban san abin da zan kai gida ba.

Ya dubi hannun, bai ce komai a kansa ba. Ya ce, "Jabbama, sannu da zuwa, Ticha. Zo mu ci abinci tukuna." Ni kuwa girman kai bai gudu ya bar ni ba. Na ce masa na ƙoshi, alhali rabona da abinci tun jiya. Haka na riƙa faɗa kullum.

Aikin nasa leda ce garau kamar ruwa, ana manna ta inda fenti ya fi shan wahala: bamba, bakin bonet, bayan madubi, da ƙarƙashin hannun ƙofa inda farce ke karta. Kafin ya taɓa mota sai ya tambayi mai ita ina take zuwa, domin tsakuwar hanyar Numan daban, gogar keke mai ƙafa uku a cikin kasuwa daban. Wani Alhaji ya taɓa cewa a rufe masa har rufin sama. Baffa ya ce, "Alhaji, tsakuwa daga sama yake faɗowa a unguwarku?" Ya manna masa a gaban motar da ƙofofi, ya sallame shi. Wanki kuwa sai mun yi sau uku. Yakan ce, "Leda ba ya ɓoye laifi. Ƙwayar yashi ɗaya ka rufe, shi za ka yi ta kallo kullum."

Abin tsoron shi ne yanka. Bayan an manna, a jikin motar ake datse abin da ya rage da reza. Dole rezar ta ratsa leda, ta tsaya kafin ta taɓa fenti. A kwana na huɗu Baffa ya zo da kwandon mangwaro. Ya manna guntun leda a jikin ɗaya, ya miƙo mini reza, fuskarsa a ɗaure.

Ya ce, "Haka ake koyo a nan. Ka yanka leda, kar ka taɓa ɓawo. Wanda ka ji masa ciwo, horonka ka cinye shi. In sun yi maka yawa, ka kwashe ka kai gida, ba na son ƙuda a gareji."

Na sha horo, jama'a. Ran farko goma sha biyu na yanka. Yarana har suka fara tambaya ko Baba ya yi kuskure da yawa yau. Da mangwaro ya ƙare aka koma gwaiba, sannan dankalin Hausa, daga baya har doya, wadda na yi ta mamakin yadda ta yi kama da mota. Ban san ranar da rawar hannun ta tafi ba. Na dai lura wata rana na yanka biyar, ɓawo bai ko yi tabo ba.

Sai ga wata Hajiya, shugabar makaranta daga unguwar Gwadabawa, da sabuwar farar mota. Muka wanke, muka manna, Baffa ya miƙo mini reza, ya ɗauki kofin shayinsa ya nufi inuwa.

Na bi shi na ce a hankali, "Baffa, in na yanka fenti fa?"

Ya ce, "Ai ka san doka. Sai ka cinye motan."

Dariya ta kama ni, tsoron ya bi ta ya fita. Na yanka bamba daga kusurwa zuwa kusurwa. Hajiya ta shafa da yatsa tana tambaya ko mun ma saka ledar. Daga wannan rezar 'ya'yana suka koma makaranta.

Ran addu'ar uku muka taru a ƙofar gidansa, mu da ya koya wa aiki. Na tambayi Umaru, wanda ya riga ni da shekaru, mangwaro nawa ya ci kafin ya iya. Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce, "Wane mangwaro? Mu a tsohuwar ƙofar mota muka koya, tana nan bayan gareji."

Aishatu ce ta warware mini, da ta fito da ruwa. Ta ce, "Ni nake zuwa sayowa, Malam Luka. Baffa ya ce akwai wani Ticha da ba ya jin yunwa sai an hore shi. Ya hana mu faɗa."

Shekaru ina wucewa ta gaban tsohuwar ƙofar nan, cike da sawun reza, ban taɓa tambayar kaina ba. Mutumin nan ya ciyar da gidana wata da watanni, bai bar ni na sunkuyar da kai ko sau ɗaya ba. Muka yi ta dariya a wurin makoki, muna share ido.

Allah ya jiƙan Baffa Hammadu, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa Inna da Aishatu da ƙannenta haƙuri, ya rufa musu asiri kamar yadda ya rufa mini nawa. Mu kuma da ya bar wa reza, Allah ya ba mu hannu mai sauƙi irin nasa. Amin.