Tofin da Na Yi wa Gwaggo Tumba

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba tun ranar da Baba ya dawo daga asibiti a Talata Mafara. Ina tsakar gida ina tankaɗe ya jingine babur, ya shigo riƙe da takalman Gwaggo Tumba. Sai da ya zauna sannan ya ce, "Sai haƙuri, Tumba ta cika." Kowa ya ɗauki salati. Ni kuwa sai na dafe wuyana da hannu.

Gwaggo yayar Baba ce. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidanmu a Bakura, tana turara shinkafa tana sayarwa. Ɗakinmu ɗaya da ita, moɗarmu ɗaya. Ba ta taɓa sauke tukunya ba tare da ta ɗebi ta maƙwabta ba. In ta ga ina sunkuyar da kai gaban baƙi sai ta ce, "Ɗaga kai, ɗiyata, ƙasa ba ta tambaye ki komi ba." In mata suka kawo mata gulma kuwa, cewa take, "Kin gani da idonki? To, bar shi cikin bakinki."

Tana faskare gatari ya goce ya yanke ta a ƙauri. Ciwon bai kai tsawon yatsa ba. A lokacin maƙogwarona yana ciwo, ko yawu da ƙyar nake haɗiyewa, amma na ɓoye don ina tsoron a kira wanzami ya cire mini beli. Gwaggo ta miƙo mini ƙafar tana dariya, ta ce, "Zo nan, malama. Ba ke ce mai sabon karatu ba? Yi mani tofi." Na yi, safe da yamma, kwana biyu. A rana ta uku ƙafar ta kumbura ta yi duhu, zazzaɓi ya rufe ta, tana ihun ciwo, ita da ban taɓa jin ta ce wayyo ba. Kwananta ɗaya a asibiti.

Yanzu gidanmu kowa zargi yake, wai asiri aka yi wa gatarin. Asabe maƙwabciyarmu, wadda ita ma shinkafa take sayarwa, ta ari gatarin nan kwana ɗaya kafin abin ya faru. Da ta zo gaisuwa ba wanda ya matsa mata tabarma. Na ji Inna tana cewa, "Mi ya kai ta aron gatari, alhali tana da nata?" Dambun da ta aiko, kaji aka zuba wa. Yayana ya ce bayan sadakar bakwai zai tare Asabe.

Amma na ji Baba yana faɗa wa abokinsa a zaure abin da likita ya ce. Wai ƙwayar cutar da ke sa ciwon maƙogwaro ce ta shiga jinin Gwaggo ta wurin yankan. Tana bin yawu da tari, kuma takan kama 'yan gida ɗaya, musamman tsofaffi da mai jego da jariri. Duk mai ciwon wuya ko zazzaɓi a kai shi da wuri. Baba ya ce ai kowa lafiya lau yake.

Ban sani ba ko daga gare ni ne. Addu'ar da na karanta ba ta da laifi, bakina nake zargi. Saratu matar yayana kwananta tara da haihuwa, cibiyar jaririn ba ta gama warkewa ba. Jiya ta miƙo mini shi, na ce hannuna da toka. Ta bi ni da kallo.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Tumba, Ya yafe mata, Ya sa ciwon nan ya zame mata kankarar zunubi, Ya haskaka makwancinta. Allah Ya ba Baba haƙuri, Ya tsare Saratu da ɗanta da duk wanda Gwaggo ta bari.

Na ɗaura wa wani kofi zare, da shi kaɗai nake sha yanzu. Gobe bayan sallar asuba zan durƙusa gaban Baba in buɗe baki ya duba, in roƙe shi ya kai ni asibiti, kuma in ce yayana ya ƙyale Asabe. In ya tambaye ni dalili, zan ɗaga kai in faɗa.