Diskin da Na Zuba Muryar Baba

Shekarar da baba ya rasu ina koyarwa a wata lakwal kusa da Karofane. Kafin ciwo ya kwantar da shi, na sha ɗaukar muryarsa da waya yana ba da labarin yadda kakanninmu suka sauko daga tudu suka haƙa rijiyar gari. Duk abin da na ɗauka na tara shi a tsohuwar ordinatata, wato kwamfuta, wadda ta fara mutuwa tsakar aiki ba sallama.

Tsoro ya kama ni. Na roƙi ƙanin mijina, direban motar haya, ya sayo mini diski na ajiya in ya je Ƙonni. Ya kawo shi cikin kwalinsa, an rubuta tera ɗaya, wato giga dubu. Da na jona, sai ordinata ta nuna ɗari tara da talatin da ɗaya.

Ban zargi ƙanin mijina ba, na san halinsa. Na ɗauka mai shago ya liƙa masa ruɓaɓɓe, wanda tun bai fara aiki ba ya ci wani sashe na kansa. In na zuba muryar baba a ciki, ita ma ya cinye ta fa?

Ranar da ba aji na hau mota zuwa Madawa, ordinata naɗe cikin zane a cinyata, ina tare ta duk sanda muka faɗa rami. Mai gyaran da aka kwatanta mini dattijo ne mai furfura, rumfarsa na bayan tasha. Ya jona diskin, ya duba, ya yi murmushi.

"Madan, lafiya lau yake. Mi kika gani?"

"Malam, giga wajen saba'in babu su."

"Ba su ɓace ba. Masu ƙera shi da dubu suke ƙirga, ita ordinata da dubu da ashirin da huɗu. In kika auna buhun hatsi da tiya shafe, kika sake aunawa da tiya mai tozo, lissafi zai zo ɗaya?"

"A'a."

"To hatsin ya ragu?"

Na yi dariya har da ƙwalla. Ya ɗauko wani sabon diski daga kanta ya jona don in gani da idona, shi ma haka ya nuna.

Nan take muka kwashe komai zuwa cikin diskina. Don ya tabbatar, ya buɗe ɗaya daga cikin abin da muka kwashe, sai ga muryar baba ta cika rumfar, yana tari yana cewa in matso da wayar kusa. Dattijon ya ajiye abin da ke hannunsa, ya saurara har ƙarshe.

"Allah ya jiƙan shi," in ji shi. "Amma ki sa wani kofi na muryar wurin 'yan'uwa, kada ki dogara da wuri guda."

Da sallar layya na kai wa yayana nasa kofin a Bangi. Matarsa ta ce ranar ko tuwo bai ci ba, yana ta maimaita labarin rijiyar.