Wata Ukun da Aka Hana Gwaggo Ƙirga

Gwaggon Takalma yara suke ce mata, mu manya ma muka ɗauka, har sunanta na gaskiya ya kusa ɓacewa. Makarantar ƙananan yara ce, 'yan shekara huɗu da biyar, aji biyu da ofis ɗaya da famfo a tsakar gida. Ni na shigo aikin shara da wankin kofuna bayan rasuwar maigidana, Allah ya ji ƙansa, na tarar ta yi shekara goma sha tara a wurin.

Ba ta da takardar koyarwa. Aurenta bai daɗe ba, ba ta kuma haihu ba. Tana zaune a ɗaki guda a gidan ɗan yayarta, inda ake ƙaunarta sosai matuƙar ta wuni a waje. Idan aka raba ta da makarantar nan, ban san inda za ta sa kanta ba, ita ma ba ta sani ba.

A rubuce, mai raino ce a aji na biyu. Amma malamar ajin ta bar aiki shekara shida da suka wuce, mai makaranta kuma tana nan tana neman wadda ta dace, ba ta son gaggawa. Kafin a samu, Gwaggo ke riƙe da yara ashirin da shida ita kaɗai.

Da safe tana tsayawa a bakin ƙofa, kowane yaro ya cire takalminsa ya haɗa ƙafa biyu a kan kantar takalma, ita kuma tana ƙirgawa da ƙarfi suna amsawa. Lokacin shan ruwa ta ƙirga kofuna, lokacin kwanciyar rana ta ƙirga tabarmi, lokacin tashi ta ƙirga kawuna. Ba ta taɓa kiran wannan karatu ba. Tsoro take kada wani ya tafi gida da takalmin wani, uwarsa ta zo da faɗa.

Sai wata Litinin wani Dakta ya iso daga jami'a, da tabarau da kwamfuta da akwatin 'yan katakai masu launi. Ya tara mu ya ce bincike yake kan yadda ƙananan yara ke fara gane lissafi. Aji na ɗaya za a ba su katakan, malamarsu mai takarda ta riƙa koya musu da su kullum. Aji na biyu ba za a ba su komai ba, don bayan wata uku a gwada a ga bambanci. Mai makaranta ta ce an dace. Gaskiya ta faɗa, hana aji na biyu komai abu ne da ta daɗe da ƙwarewa a kai.

Ya fara da gwaji. Yana zaunar da yaro, ya nuna masa kati biyu masu ɗige-ɗige, ya ce wanne ya fi yawa, kuma da nawa. Da ya gama ya duba kwamfutarsa, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ajin da ba a koya wa komai ya ɗan fi ajin malama. Washegari ya yi sammako ya tsaya bayan ƙofa, ya kama mai laifi da hannu a cikin takalma.

Ya ce, "Mama, me kike yi haka?"

"Takalma nake jerawa, ɗan nan."

"Na ji kina ƙirgawa."

"To idan ban ƙirga ba, ya zan san ƙafa nawa suka shigo?"

"Wannan ai koyarwa ce. Kina ɓata min bincike. Ni aji nake so da ba a koya masa komai."

Gwaggo ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Shekara goma sha tara ba wanda ya gaya min koyarwa nake yi."

Mai makaranta ta kira ta ofis. Ina goge taga daga waje, ba don in ji ba, amma tagar ba ta rufuwa. Ta ce daga yau har wata uku kada ta ƙirga wa yara komai, ko ɗaya kada ta furta. Idan Dakta ya sake kawo ƙara, ta ɗauki mayafinta ta kama hanya, masu takarda suna nan sun yi layi a bakin ƙofa. Ni ke share bakin ƙofar nan kullum, ban taɓa share wa layin wuri ba. Gwaggo dai ta yi alkawari.

A bakin famfo ta tsugunna kusa da ni ta ce, "Ƙanwata, kawunansu fa lokacin tashi? In na ƙirga a zuci, na saɓa?"

Na ce, "Yaya, kwamfutar Dakta ba ta kai nan ba. Kuma ban ji Allah zai so a bar ɗan mutane a banɗaki saboda bincike ba."

Wannan kaɗai ta riƙe. Sauran duk ta bari, har a zuci, don ta ce ta san kanta, in zuciya ta fara leɓe zai bi.

Ranar farko ta zo ta kwashi kofuna daga bahona, iya abin da hannu ya ɗauka, ta zube a tebur. Aka raba, ba su isa ba. Akwai wata 'yar shekara biyar da muke kira Mai Baki, ba don zalunci ba. Ta ce, "Gwaggo, uku ba su samu ba." Gwaggo ta kalli rufin ɗaki. Ta fita ta sake kwasowa.

"Gwaggo, bakwai kika kawo. Uku muka ce. Mayar da huɗu."

Ta mayar da abin da aka miƙa mata. Haka a tabarmi, haka a takalma. Kafin mako ya ƙare yaran sun yanke hukunci a tsakaninsu: tsufa ya sa Gwaggo ta manta ƙirga. Tausayi ya kama su, suka ɗauki nauyin koya mata.

Sai ka ga sun zagaye ta, wani ya kama yatsanta. "Ce ɗaya, Gwaggo." Ta datse baki. "To duba. Wannan da wannan, biyu." Su kawo murafun kwalba su jera mata, su ɗebe, su ƙara, su yi gardama a kan wanda ya fi iya bayani. Kafin ta je famfo sun riga sun ƙirga kansu, sun cire waɗanda ba su zo ba, sun nuna mata da yatsu. Ta je ta kwaso yadda Allah ya so, su gyara. Malamai ashirin da shida a kan ɗaliba ɗaya, wata uku cur, ba ta gane komai ba. Na sha ganinta tana share ido da gefen mayafi, ban tambaye ta ko dariya ce ba.

A aji na ɗaya kuwa, katakan suna kulle a kabad ɗin ofis don kada fenti ya goge. Ana fito da su idan aka ji ƙarar motar Dakta. Malama ta ɗaga ɗaya sama, yara su kalla daga nesa cikin ladabi.

Ranar gwajin ƙarshe, Dakta ya nuna wa Mai Baki kati ya ce wanne ya fi yawa. Ta faɗa masa, ta faɗi da nawa, sannan ta leƙa fuskarsa ta ce, "Kai ma ka manta ne irin Gwaggo? Kawo yatsanka."

Aji na biyu suka yi wa na ɗaya nisan da goge tabarau bai rage ba. Dakta ya ce an ci amanarsa. Gwaggo ta ce Allah shaida ne bakinta bai furta ba. Mai makaranta ta ce ba ta son rantse-rantse a ofishinta, ta sallame ta kafin a tashi. Ran nan ni na ƙirga kawuna, sau uku.

Na je duba ta ranar hutu. Na same ta zaune a ƙofar ɗakinta, takalman mutanen gidan duk a jere, ƙafa bibbiyu, matar ɗan yayarta tana tsallake su tana tsaki.

Cikin kwana biyu aka samu malamar da aka yi shekara shida ana nema. Tana ƙirga kofuna da kanta tun a famfo, ta kawo daidai. Yara su sha ruwa shiru.

Bayan mako biyu Dakta ya dawo, ya rame. Ya tambayi kowa, sannan ya lura akwai mutum a bakin famfo. Ya ce, "Baiwar Allah, ke me kika gani?" Na gaya masa abin da na rubuta a nan. Ya zauna a kan bokitina da ke kife, ya yi ta rubutu har biro ya ƙare, na ara masa fensirin yara. Ya ce wannan babbar dabara ce, babba ya zama bai sani ba, yara su cike gurbin. Nan take ya raɗa mata dogon suna da Turanci, ya ce dole a dawo da matar. Mai makaranta ta ce dama ita kullum tana faɗa, irin Gwaggo ba a samun su. Ni aka aika in kira ta.

Ta shigo ofis ta gaishe su, ta ce, "To yanzu zan iya ƙirgawa?"

Dakta ya ce, "A'a, Mama. Ai rashin ƙirgar shi ne dabarar."

Takardar binciken ta fito a wata mujalla, an rataye shafin farko a ofis cikin gilashi. Akwai hoton Dakta da mai makaranta a gaban kantar takalma, a can gefe ana ganin gwiwar hannun Gwaggo. Malamar aji ɗaya ta fassara min inda aka ambace ta: wata dattijuwa mai raino da ba ta iya lissafi ba.

Shekara uku ke nan. Sabuwar malama ta samu inda ya fi, an koma neman wadda ta dace. Gwaggo tana nan a bakin ƙofa, kowace shekara sababbin yara suna karɓar aikin koya mata daga waɗanda suka wuce. Lokacin tashi tana tsayawa baki a rufe, babban yatsanta yana motsi a ƙarƙashin mayafi har na ƙarshe ya fita. Jiya na ji wata yarinya tana gaya wa uwarta a bakin ƙofa cewa a yi wa Gwaggo addu'a, ta kusa iya biyar.