Nas Ɗin Gwaram da Sunan Ɗan Fari

Ina kan bencin wani ƙaramin asibiti a Gwaram, ina kallon wata ƙatuwar nas, tabarau ɗaure da zare, tana taunar goro kamar da gayya. Likita sai Laraba yake leƙowa, sauran ranaku tsofaffi nata ne.

Katin wata tsohuwa take dubawa. Likita ya rubuta ciwon mantuwa da ƙwayoyi, wai ta kasa faɗin sunan ɗanta.

"Inna, ɗan fari ne?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai.

"Ƙannensa fa?"

Sai ga sunaye tara a jere, har da jikoki.

Nas ta ja tsaki, ta soke ƙwayoyin. Ina zaton kaka ce ta raine ta.

"Kunya ce, ba cuta ba," in ji ta. "Likitan ne ya manta gidansu."