Sirdin Keken Ɗanlaraba

Ɗanlaraba mutumin Tasawa ne. Ya zo Libreville yana saurayi siriri kamar karan dawa, ya kama tuƙin taksi, taksi kuma ta kama shi ba ta sake shi ba. Daga Nkembo zuwa Plaine Orety, daga can zuwa hanyar filin jirgi, babu ramin da tayarsa ba ta gaisa da shi ba. Yana wannan sana'a ya yi aure, ya yi 'ya'ya, ya yi furfura, ya kuma ajiye tumbin da sai ya tura kujera baya kafin sitiyari ya juyu.

Duk wanda ya taɓa zama da shi a gindin mangwaron ƙofar masallaci ya san labarin baƙin keken kawunsa, wanda shi Ɗanlaraba yake ɗauko buhun gero a kai ya ratsa rairayi ba tare da ya sauke ƙafa ba. Buhunan suna ƙaruwa da shekaru. Babu mai musu, don masu shaida duk suna can Nijar.

Da jiri ya fara ɗibarsa a bakin aiki, matarsa Mairamou ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ce tansiyonsa ta hau, wato hawan jini ne, dole ya riƙa motsa jiki, ko da tafiya a ƙasa ce.

"Mai mota ya riƙa yawo a ƙasa?" in ji Ɗanlaraba a hanyar gida. "Gobe ki ji an ce taksin ce aka ƙwace. Keke zan saya. Abin da hannu ya sani ai ba ya mantawa."

"Hannu dai," in ji Mairamou. "Gwiwa fa, Malam?"

A kasuwar Mont-Bouët ya samo wani keke na hannu, ɗan Turai, mai giya barkatai da sirdi ɗan tsiriri kamar bayan wuƙa. Abin da ya fara yi shi ne ya kwance notin sirdin ya danna shi ƙasa har ƙarshe. A ganinsa, keken da mutum zai zauna a kai tafin ƙafarsa bai shimfiɗu a ƙasa ba, raƙumi ne.

Ya fita bayan asuba. Kowace feda ya taka, gwiwa sai ta taso ta daki tumbi. Kafin ya bar unguwa ya gano abin da bai taɓa lura da shi ba: ashe garin nan duk tudu ne, mota ce take hau masa. Bai yi mako ba gwiwoyinsa suka kumbura, har sai da ya koma salla a zaune. Mairamou tana shafa masa man kaɗanya ta tambaye shi, murya a sanyaye, buhu nawa ya ɗauko yau.

Ranar Lahadi babbar 'yarsa Yasmine ta zo daga Okala, inda take aiki a farmasi. Haihuwar Gabon ce, Hausarta rabi Faransanci. Ta dubi keken, ta dubi gwiwar.

"Papa, sirdin ya yi ƙasa da yawa. Ku zauna, ku ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak, nan ne daidai."

"Ina hawan keke tun uwarki ba ta yi wayo ba," ya ce. "Je ki sayar da ƙwayoyinki."

Shawarar da ya ɗauka ta amininsa ce, Alhaji Baraka, Bakano mai sayar da atamfa, wanda rabonsa da keke tun yana makarantar allo.

"Haba Ɗanlaraba! Dattijo kamarka ka tsuguna a kan keke kamar mai wanki? Babba ai sama yake zama. Ɗaga shi, a ganka daga nesa."

Ya ɗaga, har ƙarfen ya kusa zarewa. An kuwa gan shi daga nesa. Yana tafe yana karkata hagu da dama don yatsunsa su cim ma feda, jallabiya cushe a wando. A mararrabar Nkembo motoci suka cushe, ya matse birki, ya miƙa ƙafa neman ƙasa, ƙasa ta ƙi zuwa. A hankali ya kife, kamar bishiyar da aka sare, a kan teburin wata mata mai gasa atanga, 'ya'yan itacen nan masu maiƙo. Matar ta fara da Faransanci, da ya ƙare mata ta koma yarensu.

Wata taksi ta danna oda a bayansa, direban ya leƙo yana ihu. "Kai tsoho! In ka gaji da duniya je ka gida ka kwanta!"

Ɗanlaraba ya san wannan magana sarai, don tasa ce. Ya daɗe yana jifan masu keke da ita. Direban kuwa Nafiou ne, wanda shi da kansa ya koya wa tuƙi. Da Nafiou ya ga fuskar da ke ƙarƙashin keken, sai ya fito da gudu yana salati. Haka Ɗanlaraba ya koma gida a kujerar fasinja, keke a bayan mota, ledar atangar da ya murƙushe a kan cinyarsa, don matar ba ta sake shi ba sai da ya saye ta duka.

Da ƙugunsa ya yi sauƙi, ya jira Mairamou ta tafi kasuwa. Ya jingina da bangon tsakar gida, ya ɗora dunduniya a kan feda, ya sauke sirdin kaɗan-kaɗan har ƙafar ta miƙe. Ya zagaya unguwa. Gwiwa shiru, ƙugu shiru. Da la'asar ya bayyana wa mutanen gindin mangwaro cewa tsohuwar dabara ce ta mutanen Tasawa, kawunsa ne ya koya masa. Labarin ya kai kunnen Yasmine, ta aiko masa da hular kwano da saƙon a gaishe mata da kawu.

Yanzu duk Lahadi da safe yana bakin teku, cikin masu guje-guje, yana taka kekensa a natse. Tansiyo ta sauka, tumbi yana nan yana nazari. Abu ɗaya ne ya gagara gyaruwa. A garin nan fasinja daga bakin hanya yake kiran inda za shi, direba in ya yarda ya danna oda sau ɗaya. Kwanan baya wata tsohuwa da kwandonta ta ɗaga wa taksin da ke bayansa hannu, ta kira Akébé. Ɗanlaraba ya kaɗa ƙararrawa, ya tsaya cak a gabanta.

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi keken daga gaba har baya.

"A ina zan zauna, ɗana?"

Ya ba ta haƙuri, ya ce yau a cike yake.